Damtse ko Famfo: Tarihin Sitiyarin Tsofaffin Motocin Yamai

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar Torodi da la'asar ya ga motocin itace suna shigowa Yamai, ya san irinsu. Tsofaffi ne tukuf. Fenti ya koɗe har ba a gane asalin launinsa, wata ba murfin inji, wata ƙofarta da igiya aka ɗaure, ga lodi ya yi tozo ya ninka motar tsayi. A miƙaƙƙiyar hanya ba ka ganin wahalar direba. Sai an zo shataletale, ko za a shiga da baya cikin lungun da ake sauke kaya, sa'an nan za ka ga ya ɗaga daga kujera, ya damƙi sitiyari da hannu biyu yana ja kamar mai ɗebo ruwa a rijiya gaba talatin, karen mota kuwa yana ƙasa yana dukan bodi yana cewa a ƙara. Can kuma ga wata, sa'arta ce a shekaru, lodinsu ɗaya, amma direbanta da tafin hannu guda yake murza nasa, har yana leƙo kai ta taga yana gaisawa da mutane. Abin da ya raba su wani ɗan famfo ne da bai kai kan jariri girma ba, wanda bakanike ya kwance daga gawar wata mota ya ɗaura a jikin injin wannan.

A sa famfon, ko a bar mota yadda maƙeranta suka yi ta? Shawara ce da mai tsohuwar mota yake zama ya yi da bakanikensa, musamman in an riga an sauya mata inji ko tayoyi. A garejin Yamai, inda kalmomin sana'a daga Faransanci suka fito, sitiyari mai famfo asiste ne. A Kano da Katsina pawa ake cewa. Ɗayan kuwa, wanda ba shi da mataimaki sai ƙarfin direba, bari mu kira shi sitiyarin damtse. Kakannin direbobin yau ba su san wannan shawara ba, don a zamaninsu abu ɗaya ne a kasuwa.

Motocin farko da sanda ake karkata su, kamar jirgin ruwa. Sai a tseren Paris zuwa Rouen na 1894 wani Bafaranshe, Alfred Vacheron, ya fito da motar Panhard mai zagayayyen sitiyari. Dabarar da ke ƙarƙashinsa kowane maƙeri zai gane ta. Sandar sitiyari tana sauka cikin wani akwatin ƙarfe da ke ɗaure a jikin shasi. A ciki bakin sandar yana da zare irin na kusa mai murɗi; in ya juya ya tura haƙori, haƙorin ya kaɗa wani hannu da ke waje, hannun ya ja sandar da ke riƙe da ƙafafun gaba. Daga 1940 General Motors ta fara zuba ƙananan ƙwallayen ƙarfe, irin 'ya'yan boris, tsakanin zaren da notinsa don rage gogayya.

Ciniki ake yi a cikin akwatin nan: ka ba da yawan juyi, a ba ka sauƙi. A akori-kurar da, sai sitiyari ya juya wajen digiri 24 kafin taya ta karkata digiri ɗaya, wato juyi biyar ko shida daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu. A babbar mota ya fi haka. Shi ya sa sitiyarin tsohuwar gingimari yake da faɗi kamar faifai, rabin mita ko fiye. Faɗin nan shi ne bututun da bakanike yake zura wa sifana in noti ya ƙi kwancewa.

Wannan tsari ya haifi irin nasa tuƙin. Tsohon direba ba ya murza sitiyari mota na tsaye. Sai ya saki kuloci kaɗan ta ɗan gusa, domin taya mai birgima ba ta cije ƙasa kamar tsayayya. Yana hango kwana tun daga nesa ya fara shirinta. Ranar da aka fara ba karen mota sitiyari, abin da ake fara faɗa masa shi ne kada ya zura babban yatsa ciki. In ƙafar gaba ta daki kututture ko bakin rami, dukan yakan biyo ƙarfe ya hauro, sitiyari ya fizge da kansa, sandunan tsakiyarsa su karya yatsa. Amma hanyar da dukan yake bi ya hauro, ita labarin ƙasa yake bi ya iso hannu: yashi ya fara laushi, taya ɗaya ta rage iska, lodi ya karkata. Tsofaffin direbobin da ke ƙin famfo, wannan labarin ne suke gudun rasawa.

Wanda ya fara nema wa direban kaya sauƙi da gaske injiniya ne Ba'amurke, Francis W. Davis, na sashen manyan motoci a kamfanin Pierce-Arrow. Ya ga lodi yana ƙaruwa, akwatin sitiyari kuma ya kai iyakar cinikinsa, don in aka ƙara yawan juyi direba ba zai iya kauce wa komai da sauri ba. A 1926 ya nuna mota mai sitiyarin da matsin mai ke taimaka wa. General Motors ta ɗauke shi, sai karayar tattalin arzikin da ta biyo bayan 1929 ta sa kamfanin ya ga tsadar abin, ya jingine. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tashe shi, da aka buƙace shi a motoci masu sulke da masu janye tankokin yaƙi. Bayan yaƙi Chrysler ta sa shi a motarta Imperial a 1951, Cadillac ta biyo a 1952, Citroën DS a Faransa a 1955. Duka na masu hannu da shuni ne. Akori-kura da matsakaitan motocin kaya, waɗanda su ne rabon Afirka, sun daɗe a layi.

Aikinsa ba shi da wuyar ganewa. Bel daga inji yana juya famfo, famfo yana zagayawa da mai ta cikin tiyo. Muddin direba bai taɓa sitiyari ba, man yana zuwa ya koma tankinsa, ba ya tura komai. Da ya fara juyawa, wata siririyar sandar ƙarfe a cikin akwatin takan ɗan murɗe, ta buɗe wa mai ƙofa zuwa gefe ɗaya na fistin, fistin ya tura ƙafafu. A babbar mota matsin nan yakan ninka iskar tayarta fiye da sau goma. Da yake mai ne ya ɗauke nauyin, sai maƙera suka rage yawan juyi, suka rage faɗin sitiyari. A riƙe wannan, zai dawo mana a gangaren ƙorama.

A shekarar da Davis ya nuna motarsa, a ita Faransawa suka ɗauke fadar mulkin Nijar daga Damagaram suka dawo da ita Yamai. Shekaru biyu kafin nan, a ƙarshen 1924, motoci takwas na Citroën masu sarƙa a baya sun ratsa garin bayan sun keto Sahara daga Colomb-Béchar, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka wuce Damagaram da tafkin Chadi. Da damtse aka tuƙo su.

Abin da ya cika ƙasar da manyan motoci gyaɗa ce. Ta Maraɗi da Damagaram ta fi kusa da dogon Kano, ta can take fita. A shekarun 1950 Faransa ta ƙudurta karkata wani kaso zuwa tashar Kwatano, ta shirya abin da aka kira Opération Hirondelle: mota ta kai gyaɗa Parakou, inda dogo ya tsaya bayan kilomita 438 daga bakin teku, ta ɗauko kayan masarufi ta komo. Aka gina gadar Gaya da Malanville a 1958. Dogon bai ƙaraso ba har yau. Ko layin Yamai zuwa Doso da aka shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016 bai yi aikin jigila ba. Kusan duk abin da aka shigo wa Yamai da shi daga waje, a kan taya ya zo.

Motocin wancan zamani Berliet ne na birnin Liyon, da Renault da Saviem da Citroën. Daga kudu kuma Bedford da Austin na Ingila suke shigowa Maraɗi da Ƙonni da bodin katako, sitiyarinsu a dama, domin Nijeriya ba ta koma bin hannun dama ba sai ran 2 ga Afrilun 1972. Har yau wannan bambanci yana cizon mai sayen kayan gyara: akwatin sitiyarin da aka ƙera don Ingila ko Japan ba ya zama a motar Yamai, komai kyansa, a baibai yake.

Ba wanda ya damu da famfo a lokacin, kuma da dalili. Hanyar burji ce da yashi, taya kuwa ta fi sauƙin zamewa a kan tsakuwa bisa kan kwalta mai zafi. Tayoyin sirara ne, cike da iska. Fili ga shi nan: a 1960 mutanen Yamai wajen dubu 30 ne, mai gingimari yana kwanarsa a faɗin da ya ga dama. Bakaniken da ya san aikin matsin mai yana da nisa, akwatin damtse kuwa ba ya son komai sai man giya mai kauri; in ya yi sako-sako akwai noti a kansa da ake ɗaurewa. Motar da za ta yi kwanaki tsakanin Agadas da Bilma, duk abin lalacewar da aka rage mata riba ce.

A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai akwai gawar Itacen Tenere, wanda wata babbar mota ta kaɗe a 1973, shi kaɗai tsaye a tsakiyar rairayi. Duk sa'ad da wani ya ce mini taurin sitiyari ne ko laushinsa ke jawo haɗari, direban nan nake tunawa, wanda duk faɗin Tenere bai ishe shi kaucewa ba.

Shekarun 1970 suka zo da kuɗin uraniyum. Kamfanin Somaïr ya fara fitar da shi a Arlit a 1971, na Cominak a Akouta a 1978, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, tirelolin kamfanin sufuri na SNTN suna kai da kawowa. Gadar Kennedy, da aka buɗe a 1970, ta haɗa Yamai da Harobanda da ke hayin kogi, motar da a da sai ta jira jirgin fito ta sami hanyar Sayi da Torodi. Manyan tireloli da famfonsu suka zo daga masana'anta. Matsakaita da ƙanana ne suka zauna a tsakiya. Mercedes mai gajeren hanci, wadda aka fara ƙerawa a 1959 aka ci gaba har tsakiyar shekarun 1990 saboda kasuwannin waje, da yawa daga ƙanananta na farko, irin 911 da 1113, ba famfo suka fito. Haka Peugeot 404 mai tamfal, haka yawancin Land Cruiser mai lamba 40, haka Land Rover ta da, wadda daga 1948 har aka daina samfurin Series a 1985 masana'antar Ingila ba ta sa mata ba.

Mota a Nijar ba ta mutuwa, saukowa take yi daga matakala zuwa matakala. Ta fara a hannun kamfani ko soja ko wata ƙungiyar agaji. In ta tsufa a yi gwanjonta, ɗan kasuwa ya sa ta hanyar kasuwannin ƙauye. In ta gaza doguwar tafiya ta koma ɗaukar yashi da tsakuwa. Matakalar ƙarshe itace. Yamai da itace take girki, da ta girma dajin kusa ya ƙare, motoci suka riƙa nisa zuwa Sayi, Torodi da Makalondi. Shirin makamashi na Énergie II da aka fara a 1989, da dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara, sun ba ƙauyuka ikon sayar da itacen dajinsu, amma motar da ke ɗaukowa tana nan yadda take. Ribar itace ba ta sayen sabuwar mota, hanyar daji kuma ba ta barin mai kyau da kyanta.

Kayan gyara kuwa ta hanya biyu suka zo. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan tuƙo tsofaffin Peugeot da Mercedes, har da motocin soja da na kashe gobara da aka yi gwanjonsu, su keto Sahara ta Tamanrasset su sayar a Arlit, Agadas ko Yamai, su koma gida a jirgin sama. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 suka toshe wannan hanya, Kwatano da Lome suka karɓa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin kowane sabon ƙarfe daga Faransa ya ninka a dare ɗaya. Daga nan kwancen Turai ya zama shi ne kasuwa: injuna, giyoyi, akwatunan sitiyari da famfunansu, ana zube su a kasuwar Katako da sauran kasuwannin tsofaffin ƙarafa. Mai tsohuwar Berliet ko 911 ya wayi gari ga abin da a da sai a sabuwar mota, kwance a ƙasa, ana tayawa ana cewa albarka.

Samuwar famfo ita kaɗai ba za ta sa a neme shi ba. Motocin ne suka daina zama yadda aka ƙera su. Injin asali ya mutu, kayansa sun yi wuya, tunda Berliet da Saviem sun narke cikin Renault a 1978, sunayensu suka ɓace a 1980. Sai a ɗora wani, sau da yawa wanda ya fi na farko nauyi, nauyin kuwa a kan ƙafafun gaba yake sauka. Akori-kurar da aka haifa da injin fetur ta koma dizal. An ƙara ganyen sifirin don ta ɗauki ninkin lodinta. An walda ƙaton ƙarfe a goshi saboda kututture da shanu. An cire siraran tayoyi an sa masu faɗi irin radiyal, waɗanda Michelin ta ƙirƙiro a 1946. Suna daɗewa, suna riƙe hanya, amma a tsaye sukan shimfiɗa tafinsu a ƙasa su cije. In za a shiga yashi a rage musu iska, su ƙara cijewa. Wani ma don ado ya cire babban sitiyari ya sa ƙarami na wata mota, ya yanke wa sifanarsa bututu da hannunsa. Akwatin kuwa yana nan da lissafin 1960.

Garin ma ya sauya. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum miliyan ɗaya a Yamai. Inda direba yake kwana ɗaya ya wuce, yanzu sai ya yi ta gaba da baya tsakanin tasi mai jan kai, faba-faba, babura da amalanken jaki, a kan kwaltar da rana ta gasa. Mai ɗaukar yashi, da kowane sawu sai ya shiga lungu da baya, kafaɗarsa ce take biya.

Tsohuwar hanyar sa famfo ita ce a bar akwatin asali, a ƙara silinda mai fistin a jikin sandar da ke jan ƙafafu. Yawan juyi yana nan yadda yake, in famfo ya mutu mota ta koma kusan halinta na da. Aibinta yawan tiyo da mahaɗai a ƙasan mota, inda kututture ke jira. Ɗaya hanyar, a cire akwatin gaba ɗaya a ɗaura na wata mota mai fistin a cikinsa. Nan ake gane bakanike, nan kuma ake gyaran gangar Abzinawa. Ramukan kusoshi ba sa haɗuwa, sai an yanka faranti an huda. Hannun akwatin in ya fi na asali tsawo ko gajarta, ko sandar ta kauce daga layinta, mota takan riƙa fizgar kanta duk sa'ad da ta faɗa gargada. Mafi muni, a yanke hannun ko sandar a haɗa da walda. Ƙarfen sitiyari ɗungum aka ƙera shi aka ba shi tauri da wuta. Walda tana kashe masa jijiya, ya yi ta riƙewa har mutum ya saki jiki, ya karye ranar da lodi ya fi yawa.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba. Damtsen mutum yana da iyaka, saboda haka tsohon shasi bai saba jin murɗar da ta wuce ta mutum ba. Famfo ba ya gajiya. In taya ta maƙale a rami direba ya ci gaba da murzawa, duk ƙarfin man a kan 'yan kusoshi da ƙarfen da ya shekara hamsin yake sauka. Akori-kurar Chevrolet ta 1973 zuwa 1987 ta yi suna a Amurka wajen tsagewar shasi daidai mazaunin akwatin sitiyari in an sa mata manyan tayoyi, har ana sayar da farantin ƙarfafa wurin. Wanda ya sa famfo bai ƙarfafa mazauninsa ba, rabin aiki ya yi.

Tunda an ambaci Amurka, can ma ana wannan gardama, sai dai tasu ta masu sha'awa ce. Mutum ya sami Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956, ya ɗora mata babban inji da faffaɗan tayoyi don yawon ranar hutu, sai ya tarar ajiye ta a bakin kanti ya zama kokawa. Wasu su ce famfo yana ɓata asalin mota, wasu su ce kafaɗa ta tsufa. Abin dariya, ɗaya daga akwatunan da suke nema wa tsohuwar Ford shi ne na Toyota mai ja da ƙafa huɗu ta farkon shekarun 1980, dangin Hilux ɗin da yaran garejin Yamai za su kwance ido rufe. Ciwon ɗaya ne. Sai dai shi Ba'amurken in tiyonsa ya fashe, waya zai buga a zo a ja shi.

Sitiyari mai taimakon lantarki kuwa, wanda Suzuki ta fara sa wa ƙaramar motarta Cervo a 1988, ba mai ba tiyo ba bel, kuma a Turai ana ciro na Opel Corsa a sa wa tsofaffin motoci. Zai iya yi wa 404 in batir da caja suna da lafiya. Motar itace kam ba sa'arsa ba ce.

Masu cewa a bar damtse ba taurin kan tsufa kaɗai ke sa su ba. An rage wa akwatin famfo yawan juyi, mun faɗa. To ranar da bel ya tsinke, ko inji ya mutu a gangaren ƙorama da lodi a baya, sitiyarin yakan fi na damtse tauri nesa ba kusa ba, domin ga gajeren lissafi, ga mai da za ka tura da hannunka. Tsohuwar motar da ake tayarwa da turi, ko ake yawan ja da igiya, kullum cikin wannan hali take. Zafin Afrilu da Mayu, da yake haura digiri 40, yana busar da tiyo da robobin da ke tare mai. Ƙurar hunturu tana shiga tanki duk sa'ad da aka buɗe murfi. Famfo da irin man da yake so, galibi jan nan na giya mai sarrafa kanta, amma a daji abin da ke cikin jarka shi ake zubawa. In aka yi rashin sa'a man birki ne, ya kumbura robobin ya kashe su. Direban da ya saba danne sitiyari a ƙarshen kwana har famfo yana kuka, dafa mansa yake yi. Akwatin damtse bai san ko ɗaya daga waɗannan cututtuka ba.

Ni dai a ganina, da yawa daga motocin da ake kaiwa a sa musu famfo, giris suke nema. Sandar da kowace ƙafar gaba take juyawa a kanta tana da bakin shan giris. In aka daɗe ba a ba ta ba, ƙura da tsatsa su cika wurin, sitiyari ya yi tauri kamar an ɗaure shi. Akwatin da ya tsiyaye mansa, taya mai rabin iska, ƙarfen gaba da lodi ya lanƙwashe, sifirin da aka ƙara ya sauya kwanciyar ƙafafu, kowannensu yana kwaikwayon ciwon da famfo ke magani. In aka ɗora famfo a kan wannan, taurin ya bar hannun direba amma yana nan a ƙasa, mai yana murƙushe shi a ɓoye har wani abu ya karye. Gwajin ba ya cin ko dala: a ɗaga gaban mota a jak, a juya sitiyari. In ya yi tauri ƙafafu na sama, ba nauyi ne ya kama shi ba.

Bayan wannan sai a dubi aikin motar. Wadda aka ɗora wa inji mai nauyi da faffaɗan taya, aikinta cikin gari, bakanike na kusa, a sa mata, kuma a sa gaba ɗaya: akwati da hannu da famfo da tanki daga mota guda mai nauyi kusa da nata, a ƙarfafa shasi, a ajiye bel da tiyo da litar mai bayan kujera. Wadda take da injinta da tayoyinta na asali, tana kwana a daji, gara a bar ta da faifanta. Akwai kuma wanda ba a cika kira wurin wannan shawara ba. Mai mota ne ke biyan kuɗin famfo, direba ke biyan rashinsa, kuma sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne.

Shekarun nan ana matse tsofaffin ta ko'ina. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakar Jamhuriyar Benin ta rufe, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, kayan gyara suka yi tsada. Rashin tsaro a yankin Torodi da Makalondi ya rage shiga daji. A wuraren gini kuma tifofin Howo da Shacman na ƙasar Sin suna karɓe aikin yashi, dukansu da famfo daga masana'anta, kuma a kan irinsu samarin yau suke koyon tuƙi. Yaron da ya koya a Howo, in aka ba shi tsohuwa ta damtse, abin da yake fara yi shi ne ya murza sitiyari mota na tsaye, ya ji kamar an kafe shi da ƙusa, ya sauko ya ce wa maigida mota ta lalace. Sai tsohon direba ya hau, ya sa giya, ya saki kuloci ta gusa taku ɗaya, ya juya ta da hannu biyu ya fita da ita daga gareji.